Taken da Aka Kaɗa a Mungadi

Kunnena na hagu ba ya ji. In mutum ya tsaya ta wannan ɓangaren yana yi mini magana, sai dai in ga bakinsa yana motsi, in juyo masa da dama. Masu kawo ɗinki shagona a Jega sun saba, har tsokanata suke yi, wai kunnen da ke jin ranar alkawari ne ya mutu. Ina barinsu su yi dariyarsu. Kaɗan ne a cikinsu suka san cewa a wajen fim na baro shi, a wata gonar gero da aka girbe a Mungadi.

A lokacin muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wani tsohon malaminmu na sakandare ya rubuta littafi a kan wani ɗan dambe, mugun mutum mai zafin zuciya, wanda hannunsa ke riga bakinsa magana. Littafin bai yi kauri ba amma ya shiga gari, kuma ni na shigar da shi, don ni nake karanta shi ana ɗauka a waya ana tura wa mutane. In na zo wurin da ɗan damben yake zagi, ba na bukatar wani shiri. Haka Allah ya yi ni, ƙaramin jiki da babbar zuciya, kuma duk layin teloli an san ba a taka ni a wuce. Saboda haka da aka ce za a mayar da littafin fim, ban ma tsaya tambayar wa zai fito a ɗan damben ba. Har na fara auna wa kaina wandon da zan sa.

Daraktan wani matashi ne ɗan unguwarmu, wanda ya je Kano ya koyo aikin kyamara ya dawo yana ganin kowa baƙauye ne. A shagona aka yi zaman, ni da shi da Malam mai littafin. Daraktan ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Malam, littahinka cewa yay yi ƙirjin mutumen ga ya kai ƙohwar zaure," in ji shi. "To dubi Tela. In iska ta taso sai an riƙe shi."

Malam ya ce, "Ni nar rubuta shi, kuma in na ruhe ido muryar wanga nika ji. Zucciya ita ad dambe, ba tsoka ba."

"Kyamara ba ta ɗaukar zucciya, Malam. Jiki taka gani."

Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ai ga shi nan, halin duk ina da shi, saura jikin, kuma jikin ya riga ya gano inda yake. Ya ce in zo mu je Aliero in gani da idona.

A kasuwar albasa muka sami mai jikin yana dako. Buhun da mutum biyu ke kokawa da shi, shi kaɗai yake sungumarsa ya aza a mota kamar matashin kai. Baƙi ne, dogo, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya, ga wani tsohon tabo a gira. Darakta sai murna yake yi yana taɓa ni da gwiwar hannu. Ni kuwa ban yi murna ba, domin na san mutumin.

Shekaru kafin nan na je kallon damben kaka a Maiyama, kuma shi ne ya rufe fagen a ranar. Abokin karawarsa wani dogon mahauci ne mai yawan kirari. Sun ɗan zagaya juna, kowa ya miƙa hagunsa yana auna ɗan'uwansa, sai mahaucin ya kuskure ya sauke kafaɗa. Ban ga tafiyar hannun ba, ƙararsa na ji, kamar an sauke taɓarya a turmin da babu komai. Mahaucin ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ƙafafunsa suka riƙa shure-shure. Haƙoransa biyu na kan yashi. Jini ta hanci, jini ta kunne, muƙamuƙinsa ya karkace gefe guda ya ƙi komawa. Jama'a na ihu, ana ɗaga hannun wanda ya yi kisa, shi kuma yana leƙen wanda ke ƙasa ta tsakanin kafaɗun mutane. Mahaucin bai mutu ba. Amma har yau bakinsa a karkace yake, kuma in ya fita sai an bi shi, don ba koyaushe yake gane hanyar gida ba.

Abin da ban sani ba sai a ranar nan ta Aliero shi ne abin da ya biyo baya. A inuwar wata rumfa ɗan dakon ya ba mu labari, yana magana a hankali kamar mai jin kunyar muryarsa. Ya ce daga Maiyama gida ya wuce, Jiga Birni, ya kwance zaren da yake naɗe hannu da shi ya jefa a murhun mahaifiyarsa. A gabanta ya rantse da Allah ba zai ƙara ɗaga hannu ya bugi ɗan Adam ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Tun daga nan yake dako, kuma ko gardama aka fara a kasuwa tashi yake yi ya bar wurin.

Darakta ya ce ai fim ba duka ba ne, wasa ne, hannu zai wuce ta gefen kunne a sa ƙarar daga baya. Ya yi ta lallashi har ƙaton ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a sa soso a ƙarƙashin zaren. Na biyu ya fi nanata shi.

"Kar a kaɗa min takena," ya ce. "Kowane kiɗi kuka so ku yi, ban da shi. In naj ji shi ba ni ad da kaina ba."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da yake nufi. Kowane ɗan dambe da ya yi suna yana da takensa, kiɗan da makaɗa suka yi masa shi kaɗai. Da shi ake kiransa fage, da shi ake zuga shi, kuma in ya shiga kunnensa jikinsa ke amsawa kafin hankalinsa. Darakta ya ce wannan ai ba komai ba ne, ya yi alkawari har da dafa ƙirji.

Ni aka ba ni fitowar wani ɗan tsagera mai baƙin baki, wanda zai zagi jarumin a farkon fim, ya shiga fage da shi, a kashe shi da bugu ɗaya. Kisa a dambe shi ne a kai ka ƙasa, to ni aikina ke nan, in yi zagi in faɗi. Na karɓa ina cika ina batsewa. Na yi niyyar in tsani mutumin da ya ƙwace mini fitowata, kuma na yi iya ƙoƙarina.

Abin bai yiwu ba. A wani kango bayan tasha muke gwaji, kuma tun ranar farko aka gane an sayo jiki babu hali. Ba ya iya ɗaure fuska. In aka ce ya harare ni, sai ya yi kamar mai ciwon ido, can kuma ya fashe da dariya. In ya kawo naushin ƙarya ya wuce ta gefen kaina, sai ya dafa ni ya ce, "Sannu Tela, ban dai taɓa ka ba ko?" Na zage shi da zagin littafi, na ƙara da nawa na kaina, wanda ya sha sa manyan mutane cire hula. Ya saurara da kyau, ya girgiza kai, ya ce bakina ya fi almakashina kaifi. Washegari ya kawo mini albasa a ƙullin buhu, wai in kai gida.

Darakta kuwa kullum ƙara harzuƙa yake yi. Wata rana ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki wani guntun icce ya maka wa ƙaton a gadon baya, da ƙarfi, har iccen ya tsage. Ƙaton ya juyo, ya karɓi iccen daga hannunsa kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro, ya jingine shi da bango, ya koma inda yake tsaye. Shatar dukan ta kwana biyu a bayansa. Malam ya ce wa darakta, "Ka gani ko? Ga mai zucciyar nan zaune kan benci, kai ko kana bugun bango." Na ji daɗin maganar, amma a lokacin na riga na daina son a cire shi. Mun saba. In an tashi gwaji shagona yake zuwa ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana kallon yadda nake sa aljihu, wai abin yana ba shi mamaki.

Aka sa ranar ɗaukar damben a Mungadi, don darakta yana son fili da 'yan kallo na gaske. Aka share wata gona aka zagaye ta da karan gero. Mutanen gari suka fito, har da Fulanin da ke kiwo a kusa, suka tsaya a gefe sun rataya sandunansu a kafaɗa. Aka ɗauko wani tsohon makaɗin kalangu daga Maiyama. Ƙanena, wanda ke kabu-kabu, shi ya kai ni a babur ɗinsa, ya ce zai tsaya ya ga yadda ake kashe yayansa.

Tun bayan azahar ake abu ɗaya. In yi zagi, mu shiga, ya kawo hannu, in faɗi, darakta ya ce a sake. Na faɗi har gwiwoyina suka sassale. Fuskar ƙaton ta ƙi ba da abin da ake so, 'yan kallo ma sun fara dariya, wani yana cewa wannan ai ko akuya ba zai kora ba. Da la'asar ta yi, darakta ya ce soson yana sa hannun ya yi kama da gammo, a cire a naɗa zaren tsura, hannun kaɗai za a ɗauka daga kusa. Ƙaton ya dubi soson, sannan ya miƙa hannu. Wani dattijo cikin mutanen gari, wanda ya yi dambe a zamaninsa, shi ya naɗa masa, kuma naɗin gaske ya yi, yana ja yana ɗaurewa har dunƙulen ya koma kamar dutsen niƙa. Aka ɗauki hannun. Sai darakta ya dubi rana ya ce haske zai tafi, babu lokacin kwancewa, a yi fitowar sau ɗaya tak a tashi.

Ina tsaye a tsakiyar fage na ga darakta ya je ya tsuguna kusa da makaɗin yana yi masa magana a kunne. Tsohon ya dubi ƙaton, ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe da gane mutum, ya gyara kalangunsa a hammata. Ba na jin ya san da wata rantsuwa. Shi dai an ce ya kaɗa wa gwani takensa, kuma wannan ne aikinsa tun yana saurayi.

Kiɗan ya canza. Tsofaffin da ke cikin 'yan kallo suka gane shi nan take, wani ya kwarma ihu ya ambaci sunan da ake kiran ƙaton da shi a fage. Na dubi abokina. Tsuma ta fara masa daga ƙafa, cinyoyinsa suna rawa, ta hau har kafaɗu. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, kuma suna kaina amma ba ni suke gani ba. Ya yi wata irin ƙara daga cikin ƙirji, ya duƙa, ya miƙo hagu, daman ya koma baya can kusa da ƙugu. Fuskar da na yi wata da watanni ina karantawa a littafi ce tsaye a gabana.

Na kira sunansa na gaskiya. Na sake kira. Na ji darakta yana cewa, "Zage shi, Tela, zage shi." Ko kalma ɗaya ban samu ba, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Sai hannun ya taso.

Ban ji zafi ba a lokacin. Wani farin haske na gani, da ƙara kamar an rufe ƙofar ƙarfe a cikin kaina, sai ga ƙasa a bakina. Na yi ƙoƙarin tofar da ita, na ji ashe da haƙora a ciki. Wani abu mai ɗumi yana bin wuyana yana shiga riga. Ina ganin ƙafafun mutane a karkace suna gudu, amma duk hayaniyar daga gefe ɗaya take zuwa, kamar an raba duniya biyu an kashe rabi.

Sauran abin da ya faru, wani na gani daga kwance, wani aka ba ni labari. Mutanen gari sun ruga cikin fage suna ɗaga hannun ƙaton, don a wurinsu kisa aka yi mai kyau. Ƙanena ya fizgi sanda daga kafaɗar wani Bafulatani ya ratsa su, ya sauke ta a tsakiyar kan ƙaton. Kan ya fashe, jini ya rufe masa fuska. Ya ƙara masa a kafaɗa, ya ƙara a haƙarƙari. Ƙaton bai kare ba, bai ko ɗaga hannu ba. Durƙushewa ya yi yana cizon zaren da haƙora, yana fizga, yana son ya raba shi da hannunsa, har leɓensa ya tsage. Su kuma mutanen gari, a al'adarsu ba a rama wa wanda aka kashe a fage, wanda ya shiga ya san abin da ya shiga. Sai suka rufe ƙanena da duka. 'Yan ƙungiyarmu suka shigar masa, aka kaure, karan gero da sanduna da benci duk suka zama makami. An karya wa mai riƙe mana abin ɗaukar murya yatsa. Ana cikin wannan darakta yana bayan mai kyamara yana cewa kar ya kashe. Malam, mutumin da ya koyar da mu shekara da shekaru ban taɓa ganin ya ɗaga wa ɗalibi hannu ba, ya taka a hankali ya je ya wanke darakta da mari.

Ƙaton ne ya raba faɗan, ba da duka ba. Ratsowa ya yi ya ɗauke ni kamar buhun da bai cika ba, jininsa yana ɗiga a fuskata, mutane suka buɗa masa hanya. Shi ya riƙe ni a bayan babur har asibiti a Maiyama, ƙanena da ya fasa masa kai yana tuƙi, ido ɗaya a kumbure. An ce duk hanya magana ɗaya yake maimaitawa, "Na hwaɗa musu, na hwaɗa musu." Ban ji ba, don ta hagu yake faɗa.

An ɗaure mini muƙamuƙi, na yi makonni ina zuƙar kunu ta gefen baki. Ga mai baki irin nawa wannan ma azaba ce ta daban. Muƙamuƙin ya warke, haƙoran ban damu da su ba tunda na ciki ne. Kunnen ne likita ya ce sai haƙuri.

Fim ya fita, kuma darakta bai cire fitowar ba. Ita ce ma aka yanka aka riƙa turawa a waya daga Jega har Aliero. Mutane suna ta yaba wa darakta, wai ya iya zaɓen ɗan wasa, ya samo wanda jikinsa da halinsa duk na littafin ne. Malam ya ƙi kallo har yau, ya ce ba littafinsa ba ne. Ni na kalla sau ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta yi kyau. Ban taɓa faɗuwa mai kyau irin wannan ba, kuma da ni aka ba jarumin, da duk zafin zuciyata ba zan iya yin fuskar nan ba. Darakta ya zo gaishe ni sau ɗaya, ya fara bayanin cewa shi fuska kawai yake so, bai zaci hannun zai tafi ba. Na juya masa kunnen hagu har ya gama.

Ƙaton ya je Jiga Birni ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa, kafin wani ya nuna mata a waya. Ya yi kaffarar rantsuwarsa kamar yadda malamai suka gaya masa. Masu shirya dambe suka yi ta zarya a kasuwar albasa, suna cewa tunda hannun ya dawo ai sai a koma fage, ya ƙi ko ɗaga kai ya dube su. Na aika masa cewa na yafe, kuma ba shi nake riƙe da shi ba. Da ya zo shagona bai zauna a kan buhun ƙyallayen ba. Ya zagayo ta damana ya tsuguna, ya sa hannun nan a tsakanin cinyoyinsa.

"Tela, ba kunnenka kaɗai ad damuwata ba," ya ce. "Ni cewa nike na bar abin ga, na ƙone shi. Ashe yana nan ciki zaune, kiɗi kawai shika jira. Yanzu ko ɗiyata taz zo in ɗauke ta, sai in tsaya ina kallon hannun."

Na ce masa ya daina wannan magana, laifin na wanda ya karya alkawari ne. Ya gyaɗa kai don kar ya musa mini, amma na ga maganar ba ta shige shi ba.

Bara na gan shi a kasuwar Jega, ya biyo motar albasa. Na hango shi daga nesa da buhu a kai, zan ɗaga masa hannu ke nan, sai makaɗan mahauta suka fara kalangu a bakin rumfunan nama, kamar yadda suka saba in an yi yanka. Ba takensa ba ne, ko kama ba su yi ba. Amma sai na ga ya tsaya cak. Ya saki buhun ya faɗi, albasa ta watse a ƙasa, mai kayan yana ta faɗa. Shi kuwa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya runtse ido, ƙaton mutum a tsakiyar kasuwa, mutane suna kewaye shi suna kallo.

Na ratsa na je na kama gefen rigarsa. Ya buɗe ido ya gan ni, bai sauke hannuwan ba. Haka na ja shi muka bi ta layin masu tabarmi, muka fita ta bayan kasuwa, muka yi ta tafiya. Ni tuni na daina jin kiɗan, amma shi sai da muka kusa gada sannan ya sauke hannunsa.